Yadda Iska Take Gauraya Can Sama

1. Mu lura

Yara, ku fito tsakar gida da sassafe, lokacin da inna ta hura wuta. Ku dubi hayaƙin murhu. Da fari yana tashi siriri, a miƙe kamar zare. Da ya ɗan yi sama sai ya fara lanƙwasa, ya murɗe, ya bazu. Jim kaɗan ba ku ƙara ganinsa. Ina ya tafi? Bai ɓata ba. Ya shiga cikin iska ne, ya gauraya da ita.

Ku sake dubawa da tsakar rana, cikin bazara. Ga guguwa ta taso a fili, ta kwashi ƙura da ganye ta yi sama da su. Ga shirwa can bisa tana shawagi. Ba ta ko kaɗa fiffike, amma sai ƙara hawa take yi. Iska mai zafi da ke tashi daga ƙasa ita ce take ɗauke da ita.

Kun san fura. In an zuba nono a ƙwarya, aka jefa fura, aka bar su haka nan, fura tana ƙasa, nono yana bisa. Sai an sa ludayi an dama kafin su zama abu guda. To, iska ma tana da ludayinta. Juye-juyen da take yi, manya da ƙanana, su ne suke dama ta.

Amma har ina ne wannan ludayi yake kaiwa? Can sama, inda tsuntsu ba ya zuwa, inda babu mai zama, yaya aka san ko iska tana gauraya? Abin da za mu koya ke nan a wannan darasi.

2. Sama hawa-hawa ce

Iskar da ta lulluɓe duniya ba iri ɗaya take ba daga ƙasa har bisa. Tana da hawa-hawa, kamar gidan bene.

Hawa na ɗaya shi ne wanda muke ciki. Sunansa turoposfer. A ƙasashenmu masu zafi yana kai kilometir 16 ko 17. A ƙasashen ƙanƙara na ƙuryar arewa da ƙuryar kudu, bai fi kilometir 8 ko 9 ba. A cikinsa ne hadari yake haɗuwa, ruwa ya sauka, hazon hunturu ya yi yawo. A nan, in ka hau sama sai sanyi ya ƙaru. Kowane kilometir ɗaya, zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Dalili kuwa, rana ƙasa take fara gasawa, ƙasa kuma ta gasa iskar da ke kanta. Iska mai zafi ba ta da nauyi kamar mai sanyi, saboda haka sai ta tashi, mai sanyi ta sauko ta maye wurinta. Kamar tukunya ce a kan wuta: kullum cikin juyi take.

Hawa na biyu sunansa sitiratosfer. Yana kaiwa har kilometir 50. A nan abin ya juya: in ka hau sama sai zafi ya ƙaru. Akwai wata iska a wurin da ake kira ozon. Ita ce take tare mugun hasken rana, wanda ke ƙona fata ya lalata ido. Wajen tare shi sai ta ɗauki zafi. Ke nan iska mai ɗumi tana bisa, mai sanyi da nauyi tana ƙasa. Kowa yana wurin da ya dace da shi, babu mai neman tashi. Shi ya sa gaurayar iska ba ta da ƙarfi a wannan hawa.

Kuna iya ganin iyakar waɗannan hawa biyu da idonku. Da damana, ku dubi babban hadari daga nesa. Yana tashi kamar tsauni, amma kansa ya baje kamar faifai. Ya kai rufin hawa na ɗaya ne, ya kasa wucewa, sai ya bazu gefe da gefe.

Wani Bafaranshe mai suna Léon Teisserenc de Bort, da wani Bajamushe mai suna Richard Assmann, su ne suka sanar da duniya wannan hawa na biyu a shekara ta 1902. Balan-balan suka yi ta saki ɗauke da ma'aunin zafi. Sai suka ga, bayan wani tsawo, sanyi ya daina ƙaruwa.

Hawa na uku sunansa mezosfer, daga kilometir 50 zuwa wajen 85. A nan sanyi ya sake komowa. A saman wannan hawa ne aka fi ko'ina sanyi cikin iskar duniya: digiri 90 ƙasa da sifiri, wani lokaci ma ya wuce haka.

3. Kokowa a sararin sama

To, in hawa na biyu kwance yake lafiya, me zai dama shi?

Ku ɗauki guntun karan dawa, ku sa shi tsakanin tafin hannuwanku. Ku tura hannu ɗaya gaba, ɗaya ya tsaya. Me ya faru? Kara ya murza, ya juya. Haka iska take yi. In ta bisa tana gudu da sauri, ta ƙarƙashinta kuma tana tafiya a hankali, iskar da ke tsakaninsu sai ta murzu. Da fari iyakarsu tana yin tudu da kwari, kamar ruwan kogi in iska ta busa shi. In murzar ta yi ƙarfi sai tudun ya naɗe, ya kife, ya fashe. Babban juyi ya rabu zuwa ƙanana, ƙanana su rabu zuwa waɗanda suka fi su ƙanƙanta, har komai ya gauraya.

Ke nan ƴan kokowa biyu ne suke karawa can sama. Na farko shi ne Nauyi. Shi yana so iska mai nauyi ta zauna ƙasa, marar nauyi ta zauna bisa. Na biyu shi ne Murza. Shi yana so ya kifar da su. In Nauyi ya yi kaye, iska ta kwanta. In Murza ya yi kaye, iska ta gauraya.

Wani masani ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya samo yadda za a auna ƙarfin waɗannan ƴan kokowa. Ana raba ƙarfin Nauyi da ƙarfin Murza, sai a sami wata lamba. Har yau ana kiranta lambar Richardson. Masanan da suka biyo bayansa sun gano cewa sai wannan lamba ta sauka ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu Murza yake samun damar kaye.

Wannan kokowa ba a ganinta da ido, don sau da yawa sararin garau yake, babu ko girgije. Amma ana jin ta. Ku tambayi wanda ya je Makka cikin jirgin sama. Zai gaya muku wani lokaci jirgi yana girgiza kamar mota a kan hanya mai gargada, har a ce kowa ya ɗaura ɗamara a kujerarsa. Jirgin ya ratsa inda Murza ya yi kaye ne.

4. Awo da balan-balan

Hanya ta farko ta sanin abin da ke faruwa can sama ita ce a aika ɗan aike. Wannan ɗan aike shi ne balan-balan.

Ma'aikatan awon yanayi suna cika babban balan-balan na roba da wata iska marar nauyi, idirojan ko eliyom. Suna ɗaura masa wani ƙaramin akwati da dogon zare. Cikin akwatin akwai ma'aunin zafi, da ma'aunin laima, da ƙaramin rediyo mai aiko da labari ƙasa. Sunan akwatin radiyosond. Wani Bafaranshe, Robert Bureau, ya saki irinsa na farko a shekara ta 1929, shi ne kuma ya raɗa masa suna.

Balan-balan yana hawa kimanin metir 300 kowane minti. Iska tana kaɗa shi gabas ko yamma. Taurarin ɗan'adam suna nuna inda yake kowane lokaci, ta haka ake sanin saurin iska da inda ta nufa a kowane tsawo. Yana hawa yana kumbura, don iskar da ke matse shi daga waje tana raguwa. Wanda ya tashi bai fi tsawon mutum ba, sai ya zama kamar ɗaki. Bayan awa ɗaya da rabi ko biyu, wajen kilometir 30, sai ya fashe, akwatin ya faɗo.

Akwai ɗaruruwan tashoshi a duniya masu wannan aiki. An shirya a riƙa yin awon lokaci guda ko'ina, sau biyu a yini. In aka duba agogon Nijar, lokacin ya zo daidai da ƙarfe 1 na rana da ƙarfe 1 na dare. A Yamai an daɗe ana sakin irin wannan balan-balan daga filin jirgin sama.

To, yaya lambobin akwati suke nuna gauraya? Ku saurari wannan misali. Malam ya jera ku a layi, daga gajere zuwa dogo. Sai akuya ta kutso tsakiyar layi, wasu yara suka watse, suka komo suka tsaya ba bisa tsari ba. Malam ya dawo. Bai ga akuya ba. Amma ya ga wani dogo ya shiga gaban gajeru. Sai ya mai da kowa wurinsa, yana ƙirga taki nawa kowane yaro ya yi. In yara biyu ne kawai suka yi musanyar wuri, hargitsin ƙarami ne. In yara goma ne suka yi taki biyar-biyar, hargitsin babba ne.

Haka masana suke yi. Daga zafi da matsin iska, suna lissafa nauyin iskar kowane tsawo. In sun ga mai nauyi ta hau kan marar nauyi, sun san an yi kifewa a wurin. Sai su sake jera lambobin bisa tsari, su ƙirga metir nawa kowace ta gusa. Wannan ne yake nuna girman juyin. Wani masani ɗan Ingila, Stephen Thorpe, shi ne ya fito da wannan dabara a shekara ta 1977. Shi a cikin ruwan wani tafki mai zurfi na ƙasar Sikotilan ya yi awonsa. Daga baya aka ga dabarar tana aiki a iska ma.

A shekara ta 2006, masana daga Afirka da Turai da Amurka sun haɗu don nazarin damanar Afirka ta Yamma. Sunan aikin AMMA. A watannin Agusta da Satumba na shekarar, an saki wasu manyan balan-balan daga Damagaram. Su ba su fashe da wuri ba. Sun tsaya wajen kilometir 20, iska ta ɗauke su yamma, kwana da kwanaki, har bisa tekun Atalantika. Suna tafiya suna sako ƙananan akwatunan awo da laima, ɗaya bayan ɗaya.

5. Awo da rada da roka

Balan-balan ba ya wuce tsakiyar hawa na biyu. Abin da ke gaba fa?

Akwai na'urar da ake kira rada. Kun taɓa yin kira cikin rijiya mai zurfi, kuka ji muryarku ta komo? Haka rada take aiki. Tana aika igiyar rediyo sama, ta saurari abin da ya komo. Inda iska take kwance lafiya, amsar tana komowa da murya guda. Inda take juye-juye, wani ɓangare yana hawa wani yana sauka, amsar sai ta komo a warwatse, kamar aji in kowa yana magana. Yawan warwatsewar shi ne yake nuna ƙarfin gauraya. A garin Shigaraki na ƙasar Japan akwai wata babbar rada da aka gama ginawa a shekara ta 1984. Tana da sandunan eriya 475, an kafa su cikin da'ira mai faɗin metir 100 da ɗan ɗoriya.

Akwai kuma roka. A watan Maris na shekara ta 1959, wani masani Bafaranshe mai suna Jacques Blamont ya je Hamagir, cikin hamadar Sahara, a ƙasar Aljeriya. Lokacin ƙasar tana hannun Faransa. An harba rokoki masu suna Véronique. An zaɓi lokacin da ƙasa take cikin duhu-duhu amma hasken rana yana taɓa can sama. Roka tana hawa tana fesa turirin sodiyom, wani sinadari da ake samu cikin gishiri. Da rana ta haska shi sai ya zama dogon hayaƙi mai launin ruwan goro, ana hango shi daga nesa, ana ɗaukar hotonsa.

Sai aka ga abin mamaki. Ɓangaren ƙasa na hayaƙin ya murɗe, ya yi curi-curi, kamar hayaƙin murhun inna. Ɓangaren bisa kuwa sumul yake, yana faɗaɗa a hankali ba tare da murɗewa ba. Iyakar da ke tsakaninsu tana wajen kilometir 100. A nan ne ludayin iska yake ƙarewa. Sunan wannan iyaka turbopoz.

Wannan ya bayyana mana wani abu. Iskar da muke shaƙa gauraye ce: cikin kashi 100, kashi 78 azot ne, kashi 21 oksijan ne, sauran kaɗan wasu iri ne. Nauyinsu ba ɗaya ba ne. Da babu dama, da masu nauyi sun fi taruwa ƙasa, marasa nauyi sun fi taruwa bisa. Amma daga ƙasa har kusan kilometir 100, rabon azot da oksijan kusan ɗaya yake, saboda ana ta dama su. Sama da haka kuwa sai su fara rabuwa, kamar furar da aka ajiye: mai nauyi ƙasa, marar nauyi bisa.

Kilometir 100 ba wani nisa ba ne. Bai kai rabin tafiyar Maraɗi zuwa Damagaram ba.

6. Alamun da iska take ɗauka

Makiyayi yana yi ma dabbarsa alama don ya gane ta duk inda ta je. Masana ma suna bin iska ta alamun da take ɗauke da su.

Alama ta farko ita ce laima. Wani masani ɗan Ingila, Alan Brewer, ya auna laimar hawa na biyu daga cikin jirgin sama, bisa ƙasarsu. Ya tarar iskar wurin a bushe take ƙwarai. Ya yi tunani: me ya busar da ita haka? Kun ga yadda kwalbar ruwan sanyi take yin raɓa a jikinta. Sanyi ne yake tatse ruwan da ke cikin iska. Ke nan wannan iska ta ratsa wani wuri mai tsananin sanyi kafin ta iso. Ina ne wurin? A shekara ta 1949 ya ba da amsa: bisa ƙasashe masu zafi. Rufin hawa na ɗaya a nan ya fi ko'ina nisa, don haka ya fi sanyi. Bisa kanmu, wajen kilometir 17, sanyi yana kai digiri 80 ƙasa da sifiri.

Ashe ƙofar shiga hawa na biyu tana bisa ƙasashe masu zafi irin namu. Iska tana shiga ta nan, ta hau a hankali, kimanin metir 20 zuwa 30 a yini guda. Hawainiya ma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Daga nan ta bazu arewa da kudu, ta sauko a ƙasashen sanyi. Tafiyar tana cin shekaru, wani lokaci huɗu ko biyar.

Alama ta biyu ita ce hayaƙin dutse mai aman wuta. Ran 15 ga watan Yuni na shekara ta 1991, dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe. Ya watsa toka da hayaƙin farar wuta har cikin hawa na biyu. Taurarin ɗan'adam suka bi sawun hayaƙin. Cikin mako uku ya kewaye duniya daga gabas zuwa yamma. Amma ya ɗauki watanni kafin ya bazu arewa da kudu, ya kuma yi shekara biyu zuwa uku bai gama saukowa ba.

Ku gwada wannan da ƙurar hunturu. Ita a hawa na ɗaya take yawo. Tana tasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Cikin kwanaki ko makonni take kwantawa, ko ruwan sama ya wanke ta. A hawa na biyu kuwa babu ruwan sama, gauraya kuma ba ta da ƙarfi. Abin da ya shiga can yana daɗewa.

7. Lissafi cikin akwatuna

Awo yana gaya mana abin da ya faru. Amma manomi abin da zai faru yake so ya sani. Don haka ake yin lissafi.

Ku buɗe littafin rubutunku mai ƴan gidaje. Ku ɗauka cewa an shimfiɗa irin wannan zane bisa duniya duka. A kan kowane gida kuma an ɗora akwatuna, ɗaya bisa ɗaya, kamar tubali, har can sama. Kowane akwati cike yake da iska. Ana rubuta masa lambobinsa: zafi, laima, matsi, saurin iska. Sai a lissafa abin da zai shiga da abin da zai fita tsakaninsa da maƙwabtansa shida: gabas, yamma, kudu, arewa, bisa da ƙasa. In an gama, an san halin iska bayan ƴan mintoci. Sai a sake, a sake, har a kai gobe da jibi.

Richardson ne ya fara gwada wannan, da hannu. Ya yi makonni yana lissafin canjin awa 6 kawai, amsar kuma ta fito ba daidai ba. Duk da haka bai ɓoye ba, ya buga ta cikin littafinsa a shekara ta 1922. Ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64000 suna lissafi tare kafin su riga yanayi sauri. A shekara ta 1950, a Amurka, wata kwamfuta mai suna ENIAC ta yi lissafin yanayi na farko. Tun daga shekara ta 2016, babbar cibiyar hasashen yanayi ta ƙasashen Turai tana aiki da akwatuna masu faɗin kilometir 9, jere hawa 137, har wajen kilometir 80.

Amma akwai matsala. Juyin da ke dama iska sau da yawa bai wuce metir 10 ko 100 ba. Akwati kuwa kilometir 9 ne. Kwamfuta ba ta ganin abin da ya fi akwatinta ƙanƙanta, kamar yadda taru mai manyan idanu ba ya kama ƙananan kifaye. To, yaya za a yi? Sai a ba ta doka. Bari mu gwada dokar da kanmu.

Ga akwati biyu. Na ƙasa yana da ƙwayar ƙura 100, na bisa yana da 20. Doka ta ce: a nemi bambancinsu, a ɗauki wani kashi na bambancin, a kai ma wanda ke da kaɗan. Wannan kashi shi ne lambar gauraya. Mu ce kashi ɗaya cikin huɗu ne.

Zagaye na 1: bambanci 80, an kwashe 20. Na ƙasa 80, na bisa 40.
Zagaye na 2: bambanci 40, an kwashe 10. Na ƙasa 70, na bisa 50.
Zagaye na 3: bambanci 20, an kwashe 5. Na ƙasa 65, na bisa 55.

Kun ga suna ta kusantar juna. Da lambar gauraya kashi ɗaya cikin goma ce, da a zagaye na 1 ƙwaya 8 kawai za a kwashe: na ƙasa 92, na bisa 28. Amsar ta bambanta ƙwarai.

Ke nan komai ya dogara ga wannan lamba. Kwamfuta tana duba lambar Richardson a kowane akwati. Inda Murza yake da ƙarfi ta sa babbar lambar gauraya, inda Nauyi yake da ƙarfi ta sa ƙarama. Amma wa zai gaya mata ko ta sa daidai? Balan-balan, da rada, da roka, da alamun da iska take ɗauka. In lissafi bai yi daidai da awo ba, lissafi ake gyarawa.

Dutsen Pinatubo ya zama jarrabawa. A farkon shekara ta 1992, wasu masana a Amurka suka buga abin da kwamfutarsu ta lissafa: hayaƙin zai tare hasken rana, zafin duniya ya ragu da kimanin rabin digiri. Aka jira, aka auna. Haka kuwa aka yi.

8. Amfaninsa gare mu

Manomi yana da iri kaɗan. In ya shuka da ruwan farko, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone. In ya jinkirta, damana ta wuce shi. Makiyayi yana so ya san inda ciyawa za ta fito. Matuƙin jirgin sama yana so ya kauce ma gargada. Duk suna bukatar hasashen yanayi mai kyau. Hasashen kuwa ba ya yin kyau sai an san yadda zafi da laima da ƙura suke gauraya tun daga ƙasa har bisa.

A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a shekara ta 1974, bayan babban farin da ya faɗa ma ƙasashen Sahel. Akwai kuma cibiyar ACMAD, mai aiki don Afirka duka. Masanansu suna amfani da irin wannan lissafi don faɗakar da mutane game da damana.

Akwai wani darasi kuma. A da, ana sa wata iska cikin firiji da gwangwanin feshi. In ta fita, tana gauraya da iskar hawa na ɗaya, ta bi ƙofar nan ta shiga hawa na biyu, ta lalata ozon. A shekara ta 1985 aka sanar da cewa ozon ya ragu ƙwarai bisa ƙuryar kudu ta duniya, inda babu gari ko ɗaya. A shekara ta 1987 ƙasashe suka sa hannu a birnin Monreyal na Kanada don a daina yin wannan iska. Ozon ya fara farfaɗowa, amma a hankali, don abin da ya shiga can yana daɗewa. Iska ba ta san iyakar ƙasa ba. Abin da aka saki a gari ɗaya, wata rana yana bisa kan kowa.

Mu gwada

Ku nemi kofin gilashi. Ku narka gishiri mai yawa cikin ruwan soɓorodo, ku zuba rabin kofi. Ku kawo ruwa fari, ku zuba a kai sannu-sannu ta bayan cokali. Hawa nawa kuka gani? Ku sa tsinke cikin ruwan bisa, ku motsa a hankali. Me ya faru a iyakar ja da fari? Yanzu ku motsa da ƙarfi. Wa ya yi kaye?

Mu riƙe

Iskar duniya hawa-hawa ce. Hawa na ɗaya yana gauraya da sauri, na biyu a hankali.
Iska tana gauraya in Murza ya fi ƙarfin Nauyi.
Ana auna gauraya da balan-balan, da rada, da roka, da bin alamun da iska take ɗauka.
Kwamfuta tana raba sama akwati-akwati ta yi lissafi. Awo ne yake gyara lissafi.

Tambayoyi

1. Don me kan babban hadari yake bajewa kamar faifai?
2. In zafin ƙasa digiri 39 ne, kimanin nawa zai zama a tsawon kilometir 6?
3. Me Jacques Blamont ya gani a hayaƙin roka?
4. Don me hayaƙin Pinatubo ya fi ƙurar hunturu daɗewa a sama?
5. Akwatin ƙasa yana da ƙwaya 90, na bisa yana da 10. Lambar gauraya kashi ɗaya cikin huɗu ce. Ku lissafa zagaye uku.

Sababbin kalmomi

gauraya: le mélange
juye-juyen iska: la turbulence
iskar da ta lulluɓe duniya: l'atmosphère
matsin iska: la pression de l'air
laima: l'humidité
roka: la fusée
dutse mai aman wuta: le volcan
hasashen yanayi: la prévision du temps